Dauɗar kunne mai tauri: Abin da ke jawo ta da haɗarin da ke tattare da sakace

A wannan makon za mu duba wata matsala da yawancinmu ke ɗauka ƙarama ce, wato taruwar dauɗar kunne har ta sandare ta toshe ji, tare da sauran cututtukan kunne da ake yawan rikita su da ita. Zan ɗauko misalaina daga Nguru da Gashuwa da ke arewacin Jihar Yobe, domin a can ne manyan abubuwa biyu da ke wahalar da kunne suka haɗu wuri guda, wato ƙura da ruwa.

Duk wanda ya san yankin ya san cewa daga arewa akwai tuddan rairayin Yusufari da ke kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, inda iskar hunturu ke kwaso ƙura tun daga watan Nuwamba har zuwa wajen Fabrairu ko Maris. Daga kudu kuma ga dausayin Haɗeja da Nguru, wanda aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya a shekarar 2000. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna haɗuwa kusa da Gashuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ke gangarawa zuwa Tafkin Chadi. Saboda haka mutum guda zai iya shan ƙura a kasuwa ko a wurin casar shinkafa da safe, da yamma kuma ya shiga ruwa kamun kifi ko ban-ruwa a fadama. Abin da zan faɗa ya shafi mai karatu na Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, domin hunturun ɗaya ne, tsinken sakacen ma ɗaya ne.

Dauɗar kunne ba ƙazanta ba ce

Sunan da muka ba ta shi ne ya fara ɓata mata suna. Da an ce dauɗa, sai hankali ya tafi ga abin da ya kamata a kankare a zubar. Alhali jiki ne ke yin ta da gangan domin amfanin kansa.

Ramin kunnen babban mutum bai wuce tsawon santimita 2.5 ba, kuma a ƙarshensa ne dodon kunne yake, wata 'yar fata siririya da kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. A kashi ɗaya cikin uku na ramin, ta wajen baki, akwai wasu ƙananan halittu a cikin fata da ke fitar da maiƙo da wani irin gumi mai kauri. Waɗannan ne ke haɗuwa da matacciyar fatar da ke saɓulewa da 'yan gasu su zama dauɗar kunne. Fiye da rabinta ma matacciyar fata ce.

Aikinta uku ne. Tana kama ƙura da ƙananan ƙwari kafin su isa ga dodon kunne. Tana shafe fatar ramin da maiƙo, ta hana ta bushewa da tsagewa, ta kuma hana ruwa jiƙa ta. Sannan tana da ɗan tsami-tsami da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Shi ya sa kunnen da aka goge tas ya fi saurin yin ƙaiƙayi da kamuwa da ciwo.

Wani abin mamaki shi ne kunne yana share kansa. Fatar da ke cikin ramin tana tafiya a hankali daga dodon kunne zuwa waje, kusan da irin saurin da farce ke tsiro, tana ɗauke da tsohuwar dauɗa. Motsin muƙamuƙi lokacin tauna da magana yana taimaka mata, har ta iso baki ta bushe ta faɗo, sau da yawa ba tare da mutum ya lura ba.

Dauɗar kunne iri biyu ce: mai danshi da danƙo, mai launin zuma ko ƙasa-ƙasa, da kuma busasshiya mai garɗi-garɗi. Gado ne ke raba su. A shekarar 2006 masu bincike a ƙasar Japan suka gano ƙwayar halittar da ke da alhakin wannan bambanci, mai suna ABCC11. Mu 'yan Afirka da Turawa galibi mai danshin muke da ita, mutanen gabashin Asiya kamar Sin da Koriya kuma busasshiyar. Wannan na nufin idan dauɗar ɗayanmu ta zama kamar tsakuwa, akwai abin da ya riƙe ta a ciki har ta daɗe ta bushe.

Me ke sa ta taru ta sandare?

Na farko kuma mafi yawa shi ne sakace. Tsinken auduga da ake sayarwa a shaguna, da tsinken ashana, da gashin kaza, da murfin biro, da makullin babur, da tsinken tsintsiya, da fil ɗin ɗankwali, duk aikinsu ɗaya ne. Suna ɗan lakato abin da ke bakin rami, mai sakace ya gani ya ji daɗi, amma mafi yawan dauɗar suna tura ta ne ciki, zuwa wurin da ba a nan ake yin ta ba. Kullum aka ƙara turawa sai ta ƙara danƙarewa, kamar yadda ake danna auduga a buhu. Ƙari a kan haka, sakace yana kankare maiƙon da ke kare fata, fatar ta bushe ta yi ƙaiƙayi, ƙaiƙayin ya sa a sake ɗaukar tsinke. Haka mutum zai yi ta zagaye har abin ya zama jiki.

Na biyu shi ne ƙura da bushewar iska. A lokacin hunturu, yadda leɓe da ƙafa ke tsagewa haka fatar cikin kunne ke bushewa tana saɓa. Ƙurar da dauɗa ta kama tana ƙara mata yawa da tauri. Waɗanda suka fi fuskantar wannan su ne masu injin niƙa da na casar shinkafa, da masu sussukar gero da alkama, da 'yan acaba da direbobin da ke bin hanyoyin rairayi, da masu aikin siminti da bulo, da mata masu sheƙa da tankaɗe.

Na uku shi ne ruwa. Busasshiyar dauɗa tana shan ruwa ta kumbura, kamar garin kwaki. Mutum zai iya ɗaukar wata da watanni da dauɗa a kunne yana ji lafiya ƙalau, domin akwai 'yar ƙofa da sauti ke bi. Ran da ya yi nutso a kogi ko ruwan wanka ya shiga, sai dauɗar ta kumbura ta rufe 'yar ƙofar, ya fito yana cewa kunnensa ya toshe farat ɗaya. Masunta da yaran da ke wanka a kogi da kududdufai bayan damina sun san wannan.

Na huɗu shi ne shekaru. Idan mutum ya manyanta, halittun da ke fitar da maiƙo suna raguwa, dauɗar ta fi bushewa, tafiyar fata zuwa waje kuma ta yi sanyi. Maza dattawa suna da ƙarin matsala, domin gashin bakin kunnensu yana yin kauri ya riƙe dauɗar.

Na biyar shi ne halitta. Wani ramin kunnensa matsattse ne ko mai lanƙwasa sosai, wani kuma jikinsa ne ke yin dauɗar da yawa. Irin waɗannan ko ba su taɓa sakace ba, kunnensu zai riƙa toshewa lokaci zuwa lokaci.

Na shida shi ne abubuwan da ake cusawa a kunne na tsawon lokaci: abin sauraren waya da matasa ke kwana da shi, da na'urar ƙara ji, da audugar da wasu ke toshe kunne da ita saboda sanyi. Duk suna tare hanyar fita.

Na bakwai shi ne cututtukan fata, irin su amosanin kai da ƙyasbin da ke sa fata ɓarewa. Idan fatar ramin kunne tana saɓa fiye da kima, dauɗar tana yawa kuma tana tauri.

Ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka, a ƙa'idojin da ta fitar a 2008 ta kuma sabunta a 2017, ta ce toshewar kunne da dauɗa na samun kusan yaro 1 cikin 10, da babba 1 cikin 20, da fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsofaffi. Ka ga ke nan a aji mai yara 60, ba abin mamaki ba ne a samu biyar ko shida da ke fama da ita.

Alamomin da za ka lura da su

Babbar alama ita ce raguwar ji, kamar an sa maka yatsa a kunne. Wasu suna jin kunnen ya cika ya yi nauyi, ko su riƙa jin muryarsu tana amsa-kuwwa a cikin kai. Akwai ƙara ko shuuu a kunne, da ƙaiƙayi, da ɗan ciwo, wani lokaci da jiri. Wasu ma tari suke yi, domin akwai jijiyar da ta haɗa ramin kunne da maƙogwaro, shi ya sa wasu ke tari da zarar sun sa tsinke a kunne.

Iyaye, a nan ne nake so ku tsaya ku yi tunani. Yaro ba ya zuwa ya ce ji na ya ragu, domin bai san yadda sauran mutane ke ji ba. Abin da za a gani shi ne a kira shi sau uku bai amsa ba, ko a aike shi ya kawo wani abu daban, ko ya riƙa matsawa kusa da rediyo da talabijin, ko karatunsa ya ja baya a boko da allo. Sai a ce yana da kunnen ƙashi, a kai masa bulala, alhali abin da ke damunsa ma'aikacin lafiya zai iya cire shi cikin minti goma. Haka ma tsoho ko tsohuwa a gida: idan Baba ya daina sa baki a hira, ko Inna ta fara amsa abin da ba shi aka tambaye ta ba, kafin a ce tsufa ne ko ruɗewa, a kai su a leƙa kunnen.

Ba kowace toshewa ce dauɗa ba

A kantin magani, mafi yawan masu zuwa da ƙorafin kunne magana ɗaya suke yi: a ba ni maganin ɗigawa. Matsalar ita ce cututtuka da dama suna kama da juna daga waje, kuma maganin wani guba ne ga wani. Ga waɗanda suka fi yawa.

Kumburin ramin kunne. Wannan yana samun masu yawan shiga ruwa da masu sakace. Ruwa ya jiƙa fata, tsinke ya ƙarce ta, ƙwayoyin cuta su shiga. Alamarsa ita ce zafi mai tsanani idan an ja fatar kunne ko an danna ɗan tudun da ke gaban ramin, har tauna ma takan yi wuya.

Fumfunar kunne. Kamar yadda burodi ke yin fumfuna a wuri mai ɗumi da danshi, haka kunne ke yi, musamman da damina. Alamarta ƙaiƙayi mai tsanani da fitar wani abu baƙi-baƙi ko fari kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Abin da ke ƙara jawo ta shi ne daɗewa ana ɗiga maganin kashe ƙwayoyin bakteriya ba bisa ƙa'ida ba. Maganinta daban ne, ana tsabtace kunnen a asibiti sannan a ba da irin su kulotirimazol.

Ciwon tsakiyar kunne. Wannan na bayan dodon kunne ne, kuma ya fi kama ƙananan yara bayan mura. Akwai wani siririn bututu da ya haɗa bayan hanci da tsakiyar kunne. A jikin yaro gajere ne kuma a kwance yake, don haka majina da ƙwayoyin cuta ke saurin bi ta cikinsa. Yaron zai yi zazzaɓi, ya yi ta kuka da dare yana jan kunne. Hayaƙin itace a ɗaki, da hayaƙin sigari, da ba jariri madara a kwalba yana kwance, duk suna ƙara haɗarin. Shayar da nonon uwa zalla na wata shida da kammala rigakafi suna rage shi.

Kunne mai zubar da mugunya. Idan ciwon tsakiyar kunne ya fasa dodon kunne, mugunya za ta fara fita, zafin kuma ya ragu, iyaye su ɗauka an samu sauƙi. Idan zubar ta wuce mako biyu, ciwon ya zama mai daɗewa. A ƙauyukanmu ana ganin yara da ƙudaje na bin kunnensu shekara da shekaru, ana cewa idan sun girma zai daina. Wannan ciwo yana cin ji a hankali, kuma yana iya ratsawa zuwa ƙashin bayan kunne, ko ya haura ya jawo sanƙarau ko ƙurji a ƙwaƙwalwa. Irin wannan kunne ba a zuba masa mai, ba a wanke shi da ruwa, ba a barin mai shi ya yi nutso.

Baƙon abu a kunne. Yara suna cusa wake, da ƙwayar masara, da dutsen ado, da guntun soso. Kada a zuba ruwa a kan wake ko masara, domin kumbura za su yi. Idan ƙaramin batir ne irin na agogo, a garzaya asibiti a ranar, domin yana ƙona nama cikin 'yan sa'o'i. Idan kuwa ƙwaro ne ya shiga, kamar kyankyaso, kuma an tabbata kunnen ba ya zubar da ruwa, ana iya ɗiga man zaitun ya mutu ya daina motsi, sannan a je a cire shi.

Ɗaukewar ji farat ɗaya. Idan mutum ya wayi gari kunne ɗaya ya daina ji, bai shiga ruwa ba, ba ya mura, kada ya zauna yana ɗiga mai yana jira. Yana iya zama jijiyar ji ce ta samu matsala, kuma maganinta ya fi aiki idan an fara shi cikin mako biyun farko.

Kurumta bayan zazzaɓi. Sanƙarau, da ƙyanda, da hangum, da zazzaɓin Lasa duk suna iya taɓa ji. Yobe na cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓulla a lokacin zafi, kuma a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafin da ke kare mutum daga nau'o'i biyar na cutar. Duk wanda ya tashi daga ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka, ya kamata a gwada jinsa.

Magungunan da ke kashe ji

Wannan ɓangare ya shafi sana'ata kai-tsaye, kuma ina roƙon mutanen Gashuwa da kewaye su karanta shi da kyau. Akwai magungunan da ke lalata sassan ji na can cikin kunne. Manya daga cikinsu su ne allurar jentamaisin, da sitireptomaisin, da kanamaisin. Magunguna ne masu amfani idan likita ya rubuta su da awo, amma ɓarnar da suke yi wa ji idan aka wuce kima ba ta gyaruwa. Kwinin da asfirin mai yawa su ma suna sa ƙara a kunne, sai dai nasu yakan wuce idan an daina sha. Furusemaid, maganin da ke sa fitsari, shi ma yana iya taɓa ji idan an yi allurarsa da yawa.

Ƙoda ce ke fitar da jentamaisin daga jiki. Idan ƙodar ta yi rauni, maganin zai taru a jini, ya ƙara lalata ƙodar, ya kuma kashe ji. Kowa ya san yadda ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar Gashuwa da ƙasar Bade, kuma mutum na iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba. Saboda haka al'adar nan ta zuwa kemis a ce a haɗa mini allurai saboda zazzaɓi ko taifot, caca ce da ƙoda da kunne a lokaci guda. Kafin a yi maka kowace allura, ka tambayi sunanta, kuma idan kana da matsalar ƙoda ka faɗa.

Maganin ɗigawa mai ɗauke da jentamaisin ko niyomaisin shi ma ba a sa shi a kunnen da dodonsa ya huje sai da umarnin likita, domin zai iya ratsawa ciki. Ka kuma sani cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya narkar da dauɗa. Wanda ya saye shi saboda toshewa ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma buɗe wa fumfuna ƙofa.

Yadda ake fitar da ita lafiya

Idan dauɗar ba ta hana ka ji, ba ta sa ka ciwo, ka ƙyale ta. Tsabtar da kunne ke buƙata ita ce goge bayansa da lungunan fatarsa da bakin ramin da jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta, iya inda yatsa ya tsaya. Shafar kunne da ake yi a alwala ma ta wadatar da wannan.

Idan ta toshe, matakin farko shi ne a leƙa kunnen da na'urar da ke da fitila, a tabbatar dauɗa ce kuma dodon kunne lafiya yake. Bayan haka sai a tausasa ta. Man zaitun mai tsabta ya isa: ɗigo 2 zuwa 3, sau 3 a rana, na kwana 3 zuwa 5. Ka riƙe kwalbar a tafin hannu na ɗan lokaci ta ɗauki ɗumin jiki, kada ka ɗora ta a wuta. Ka kwanta a gefe, kunnen mai matsala yana sama. Babba a ja fatar kunnensa sama da baya, ƙaramin yaro ƙasa da shekara uku kuma a ja ta ƙasa da baya. A ɗiga, a zauna a haka minti 5 zuwa 10, sannan a tashi a goge abin da ya gangaro. Kada ka tsorata idan toshewar ta ƙaru a kwanakin farko, dauɗar ce ke jiƙa.

A kantin magani akwai waɗanda aka yi musamman domin wannan aiki, kamar ruwan sodiyom bayikabonet mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, da Waxsol, da Cerumol. Shi Cerumol akwai mai ɗauke da man gyaɗa, don haka wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ya kauce masa. Kowanne ka saya, ka duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa, kada kuma mutum biyu su yi amfani da kwalba ɗaya. Idan ka ji raɗaɗi ko ka ji ɗanɗanon maganin a maƙogwaro, ka dakata, domin alama ce ta cewa dodon kunne a huje yake.

Sau da yawa dauɗar da ta yi laushi takan fito da kanta cikin mako ɗaya ko biyu. Idan ba ta fito ba, sai a koma asibiti. A can za a wanke ta da ruwa mai ɗumin jiki, wato digiri 37, domin ruwan da ya fi haka sanyi ko zafi yana jawo jiri mai tsanani. Ko kuma a zuƙe ta da na'ura, ko a ciro ta da ɗan ƙarfe na musamman, ma'aikacin yana kallon abin da yake yi. Wannan shi ne bambancinsa da mai sakace a tasha ko a kasuwa, wanda ke lalube a duhu, da ƙarfen da ya shiga kunnen mutum goma kafin naka.

Akwai waɗanda bai kamata su ɗiga komai ko a wanke musu kunne ba sai likita ya duba: wanda kunnensa ke zubar da ruwa ko jini, da wanda dodon kunnensa ya taɓa fashewa, da wanda aka taɓa yi wa tiyata a kunne, da wanda kunne ɗaya kawai ke masa aiki. Masu ciwon suga da masu raunin garkuwar jiki su yi taka-tsantsan sosai, domin ƙaramin ƙarcewa a ramin kunnensu na iya zama ciwon da zai ci har ƙashi.

Abubuwan da za a guje musu

Kada a zuba man ja ko man shanu mai zafi, ko ruwan albasa, ko tafarnuwa, ko turare, ko kananzir, ko nonon uwa, ko ruwan ganye a kunne. Wasu suna ƙona fata, wasu suna kai ƙwayoyin cuta ciki. Akwai kuma wani kyandir da ake tallatawa a intanet, wai a sa a kunne a kunna masa wuta ya zuƙo dauɗa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa tun 2010, domin ba ya zuƙo komai, sai ƙuna da narkakken kyandir da yake bari a kunne. Haka nan a daina marin yara a kunne, domin mari ɗaya ya isa ya fasa dodon kunne. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Masu aiki a cikin ƙura su rufe kunne da rawani ko hula ko mayafi. Masu injin niƙa da janareto su nemi abin toshe kunne na roba, su riƙa wanke shi, su cire idan an tashi daga aiki. Masunta da yara, idan an fito daga ruwa a karkata kai ruwan ya fita, a goge waje da ƙyalle, kada a bi shi da tsinke. Wanda kunnensa ke yawan toshewa yana iya ɗiga man zaitun sau ɗaya a mako, musamman da hunturu, bayan ma'aikacin lafiya ya tabbatar masa dodon kunnensa lafiya yake.

Yaushe za a garzaya asibiti?

A tafi ba tare da jinkiri ba idan akwai zafi mai tsanani da zazzaɓi, ko kumburi a bayan kunne, ko mugunya da jini, ko jiri da amai, ko karkacewar baki, ko sanƙarewar wuya, ko ɗaukewar ji farat ɗaya. Mazauna yankin suna da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru da babban asibitin gwamnati da ke Gashuwa. Idan abin ya fi ƙarfinsu, akwai asibitocin koyarwa a Damaturu da Maiduguri da Kano, sannan ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2021, ta ce fiye da mutum biliyan 1.5 a duniya suna da wani mataki na raunin ji, kuma miliyan 430 daga cikinsu na buƙatar kulawa. Ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara ana iya kauce masa ta hanyar rigakafi da kula da ciwon kunne da wuri. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ce aka ware domin tunatar da duniya wannan batu. Kira na ga hukumomin lafiya da na ilimi a Yobe da sauran jihohinmu shi ne a samar da na'urar leƙa kunne a kowane ƙaramin asibiti, a koya wa ma'aikata amfani da ita, a kuma riƙa duba kunnen yara lokacin ɗaukarsu a firamare. Na'urar ba ta da tsada idan aka kwatanta da shekarun karatun da yaro ke asara.

Kai kuma mai karatu, a wannan makon ka kwashe tsinken auduga daga inda yara ke kaiwa. Ka lura da yaron da ake cewa ba ya jin magana, da dattijon da ya yi shiru a cikin hira, ka kai su a duba musu kunne.